Gam ɗin Takalmi a Ɗakin Kifi

Ba zan taɓa mantawa da warin gam ɗin nan ba, ko da Allah zai ƙara mini wata shekara sittin bisa wadda na yi. Har yau in na bi ta gaban rumfar baduku ya buɗe gwangwani, sai in ji kunnuwana sun yi zafi, in ja mayafi in ƙara sauri kamar an biyo ni.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ban taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba (wannan ma faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini daga baya, kada a ƙara gishiri). Amma na haura shekara arba'in ina sayar da kifi a kasuwar Malanville, kuma ba a taɓa cutata ba. Hanci Allah ya ba ni. Masunci ya taso daga Garou da kwandonsa, yana rantsuwa cewa da asuba ya fid da shi daga ruwa, ni ko kallon kifin ba na yi. In sunkuya in shaƙa sau ɗaya, in ce, "Na jiya ne, ka wanke shi da ruwan kogi. Ɗauke." Nonon da anka tsarma wa ruwa, man gyaɗar da anka haɗa da na auduga, duk ni mata ke kira in sansana. A bayan idona, wani lokacin ma a gabana, Duwan suke ce mini, wato kwastan, wai babu kayan da ke wucewa ban bincike su ba. Na san da sunan. Ba na amsawa, amma daɗinsa nake ji.

Ina da ɗiya guda da ta rage mini kusa, autata Rakiya. Mijinta mai gyaran firigo ne, wato firiji. Ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne. Shekara tara yana aurenta, kuma shekara taran nan maganarmu da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, "Inna, ina kwana," in amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. Haka muka gada, haka ya kamata. Duk wata magana ta bakin Rakiya take bi: "Ya ce in gaya miki," "Ki ce masa na ce." Gaskiya kuma ban ɗauke shi bakin komi ba. Mutumin da ba ya ciniki, a faɗa masa kuɗi ya sa hannu aljihu, ni a wurina wannan abin tausayi ne.

To, a gidanmu akwai ɗakin ƙasa. Marigayi maigidana ya haƙa shi ƙarƙashin ɗakin baya lokacin da yake fataucin goro, don goro na son sanyi. Matakala bakwai ake sauka. Gidan yana kan tudu, ruwan kogi bai taɓa shiga ba. Tun rasuwarsa babu mai zama ciki sai gizo-gizo da tsofaffin robobi. Ni kuwa duk bazara asara nake: in sayi ƙanƙara da safe, kafin azahar ta zama ruwa, kifin da bai fita ba sai dai a banda shi a sayar da araha.

Wata rana Rakiya ta zo da saƙo. Wai ya ce in na yarda zai mai da ɗakin nan ɗakin sanyi. Zai lulluɓe bangon da allunan farin soso, irin wanda ake tararwa cikin kwalin sabon firigo, ya sa inji, kifi ya kwana uku bai canza ba. Sai ta ƙara da abin da ya sa na zauna sosai. Wani mai kamfanin ƙanƙara a Parakou ya kira shi aiki, kuma gyaran firigo a nan ba ya riƙe gida mai yara uku. Amma ƙungiyar mata masu kifi ta tara kuɗi za ta gina babban ɗakin sanyi kusa da kasuwa, shugabarsu Hajiya Bibata ta ce sai ta ga aikin hannunsa tukuna. In ɗakina ya yi kyau, a ba shi aikin, da kula da shi, su zauna. In bai yi ba, Parakou.

Ban ce komi ba sai, "Ki ce masa ya yi." Ni ba mai cewa kada ku tafi ba ce. Amma yara ukun nan a tsakar gidana suke wuni, ƙaramar ma a bayana ta yi wayo.

Kaya sunka iso daga Kwatano cikin kamyo, babbar motar kaya. Allunan kaurinsu ya kai yatsa huɗu, amma in ka ɗaga ɗaya kamar ba ka ɗauki komi ba. Tare da su akwai farin bokiti. Surukina ya sauka da shi ƙasa ya buɗe, ni kuma ina tsaye bisa matakala ina sa ido, kamar kullum. Da ya hau ɗauko wani abu, sai na sauka na sunkuya na shaƙa.

Babu komi. Fari ne, kirtif, kamar kindirmo, amma ko kindirmo ya fi shi wari. Na sake shaƙa. Shiru. A raina na ce, shi ke nan, mutanen Kwatano sun ga bawan Allah sun sayar masa da kunu.

Ranar ya gama bango ɗaya. Ya shafa farin abin, ya manna allunan, ya tokare su da itatuwa. Da safe zai tafi Kandi ya kwance wani inji da ya saya, ya kwana ɗaya ya dawo, sannan ya ƙarasa sauran bango ukun. Yana fita na sauka na kama gefen allo ɗaya na ja. Ya motsa. Na sa yatsa a baya, na ji abin da danshi. Na hau da yatsan a sama kamar na kama ɓarawo.

"Rakiya! Zo ki ga gam ɗin mijinki."

Ta ce, "Inna, ya ce in gaya miki sai ya yini ya kwana yake kamawa. Kuma ya ce don Allah kada a sa wani gam, don akwai wanda ke cin soson."

Na ce, "Gam ɗin akuya ne, da zai ci soso? Ki ce masa tun ba a haife shi ba nake liƙa abu."

(Ƙarya ce. Abin da na taɓa liƙawa duk duniya shi ne bakin buhu, shi ma da zare.)

Da a nan ta tsaya, da na yi ta mita ne kawai. Amma washegari a kasuwa wata maƙwabciyar rumfata ta raɗa mini cewa wani mutumin Gaya mai irin sana'ar surukina ya ƙetaro gada sau biyu wurin Hajiya Bibata, yana nuna mata hotunan aikinsa cikin waya. Na ce surukin nan nawa sanyinsa zai sa a ƙwace masa aiki yana durƙushe yana gaisuwa. Dole wani ya tashi tsaye, kuma wa ke tashi tsaye a gidan nan in ba ni ba?

Na miƙe sai rumfar Mamman baduku. Shi ya liƙa mini takalmin da na ci damina uku da shi cikin caɓin bakin kogi. Na ce ya buɗe mini gam ɗinsa. Yana ɗaga murfi na ji abin ya daki ƙwaƙwalwata, idona ya kawo ruwa. Na ce yawwa, ga gam. Na sayi manyan gwangwani huɗu, ko ciniki ban yi ba (ni ɗin nan da nake raina mai rashin ciniki), na ce ya rufe rumfa ya biyo ni.

Da muka sauka ya ga allunan, sai ya sosa ƙeya. "Inna, ni fata na sani, da roba. Wanga abu ban taɓa liƙa shi ba. Mu ɗiga ma ɗan guntu mu gani mana."

Na ce, "Mamman, kuɗin aiki zan ba ka ko na shawara?"

"Na aiki, Inna."

"To shafa. Kuma kada ka yi mini rowa, ka zuba da yawa."

Rakiya ta tsaya a saman matakala ta ce, "Inna, ya ce fa..." Na ɗaga mata hannu. Ta san hannun. Ta koma.

Mamman ya yi ta lafta gam a bango, mu ɗaga allo mu danna, mu tokare da itace kamar yadda na ga mai aikin ya yi. Ɗakin ba taga. Kafin mu gama bango na farko Mamman ya hau shan iska sau biyu. A na biyu ya fara dariya shi kaɗai, yana kirana Yaya. Ni kuwa na duba matakala na ga sun zama goma sha huɗu. Kaina yana juyawa, amma a raina murna nake: gam ɗin da ya iya juya kan mutum, ai bango ba zai gagare shi ba. (Daga baya aka gaya mini Allah ne ya tsare, da wani ya ƙyasta ashana a wurin da ba ni ke ba ku labarin nan ba.) Can na ji wata 'yar ƙara a bayan allunan, siririya, kamar shinkafa tana tsotse ruwa a tukunya. Mamman ya kasa kunne ya ce, "Inna, mi ke nan?" Na ce, "Kamawa shi kai." Muka hau, na ja ƙofa na rufe ruf don kada iska ta rage masa ƙarfi. Daga nan na aika wa Hajiya Bibata cewa aiki ya kammala, su zo gobe da hantsi su gani.

Sunka zo su shida, kowa cikin kayan fita, Hajiya Bibata da shaddarta mai maiƙo. Ni ma na ɗaura sabon kallabi, don kitsona na tsefe shi rabi ban samu mai kitso ba. Muna cikin gaishe-gaishe, fofo da ina gajiya, a tsakar gida, sai ga surukina ya shigo da injin bisa amalanke, ƙurar hanya duk a kansa. Ya ga mata, ya ga ƙofar ɗakin ƙasa na buɗewa. Warin ya taso ya same shi inda yake tsaye. Na ga ya daskare. Ya dubi Rakiya, Rakiya ta dubi ƙasa.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya faɗi magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini kai tsaye cikin shekara tara: "Inna, da an bar ƙofar ta sha iska tukuna, in sauka in duba."

Na ce wa Rakiya, "Ki ce masa an riga an duba." Na shige gaba, mata sunka biyo ni suna toshe hanci da gefen mayafi.

A ido ɗakin ya yi kyau, wallahi. Fari tas, kamar cikin ƙwarya. Na fara bayani kamar ni na ƙera soson. Na ce wannan yana hana zafi shiga, wannan yana hana sanyi fita. Na cire itatuwan tokara ɗaya bayan ɗaya ina jefarwa gefe. Wata ta ce, "Duwan, yau kin zama injiniya." Aka yi dariya, har ni. Hajiya Bibata ta ce, "To amma yana da ƙwari? Mu fa kwanduna za mu riƙa jinginawa."

Na ce, "Ƙwari? Ki gani."

Na juya na ba bangon baya, na saki jikina gaba ɗaya.

Na ji ɓurum. Bangon ya haɗiye ni. Ashe allon fatar gaba kawai ta rage, kamar ɓawon ƙwai, cikinsa duk ya narke ya zama wani irin danƙo. Kafaɗuna sunka nutse, ƙeyata ta manne da siminti. Na yunƙura zan tashi, ƙafata ta zame, na zauna daɓas a ƙasa. Kallabina kuwa bai biyo ni ba. Yana can sama liƙe da bango, a ɗaure yadda na ɗaura shi, kamar akwai kai a ciki. Ni ga ni ƙasa, furfura a waje, rabi kitso rabi tsefe, danƙo yana zarya daga gashina zuwa bango kamar yauƙin kuɓewa.

Girgizar da na yi ta tayar da sauran. Allo ya ɓalle daga hagu, wani daga dama. Ɗaya ya sauko a hankali, kamar mai neman izini, ya kwanta bisa kafaɗar Hajiya Bibata, ya ƙi tashi. Da aka ɓamɓare shi ya tafi da maiƙon shaddar.

Matan sun yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ɗaya ta cusa mayafi a baki. Ɗaya ta ce "Subhanallahi" muryarta na rawa. Daga nan ta ɓarke musu. Dariya cikin ɗakin ƙasa amo gare ta, sai ka ce mutum talatin ne. Rakiya ta sauko da gudu ta yafa mini gyalenta. Na ɗaga ido na ga surukina a tsakiyar matakala, ya juya fuska ga bango don kada ya ga kan surukarsa a buɗe.

In da wannan ce kunyar, da yanzu ni ma dariya nake. Ba ita ba ce.

Hajiya Bibata ba ta yi dariya ba. Tana goge kafaɗa, ta ce, "Wa ya zaɓi gam ɗin ga?"

Mamman ba ya nan. Rakiya ba za ta tona uwarta ba. Saura ni. Bakina lafiyarsa lau, gam bai taɓa shi ba. Kalma biyu ce: ni ce. Amma mata shida na kallona, waɗanda shekara da shekaru suke kawo mini kayansu in sansana. Na sunkuyar da kai ina gyara gyale.

Daga matakala na ji muryarsa, fuskarsa har lokacin tana bango. "Aikina ne, Hajiya. Laifina ne. A yi haƙuri."

Hajiya Bibata ta ce, "Allah ya kyauta," ta fara hawa. Suna fita, wata daga cikinsu ta dafa bangon da ya yi da hannunsa don ta gyara takalmi. Ko motsi bai yi ba. Na gani. Babu wadda ta tambayi dalili, ni kuma ban faɗa ba.

Kwana tara na yi ban je kasuwa ba. Na ce ciwon baya (akwai shi, amma bai kai na kwana tara ba). Mai kitso ta yanke mini gashin ƙeya da almakashi tana cije leɓe. Kullum in ce gobe zan je gidan Hajiya Bibata, gobe ta yi in ce sai dariyar ta lafa. Ran na goma na ɗauki mayafi na tafi. Na zauna a tabarmarta na faɗa mata komi, tun daga yatsan da na sa har gwangwani huɗu.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Haba Duwan. Da ranar kin buɗa baki, da dariya za mu ƙara mu ba shi kwana uku ya gyara. Shekaranjiya munka ba na Gaya, har ya fara haƙa." Ta ƙara da cewa, "Yaron ga ya rufa miki asiri da abincin 'ya'yansa. Kin sani ko?"

Na ce na sani.

Kafin su tashi zuwa Parakou surukina ya sayo wasu allunan. Ya yi kwana biyu yana kankare danƙon Mamman daga bango, ƙofa a buɗe, sannan ya shafa farin nasa. Ranar ƙarshe na zo na zauna a matakala ta sama. Rakiya ta taso za ta tsaya tsakaninmu kamar kullum, na ce ta je ta duba tukunya. Na yi gyaran murya na ce, "Wanga naka, mi ya hana shi wari?"

Ya firgita, har abin shafawar ya kusa faɗuwa. Bai ɗago ba, ya ce nasa da ruwa aka haɗa shi, shi ya sa yake jinkirin bushewa kuma ba ya taɓa soson. Na takalmi kuwa akwai wani abu cikinsa ɗan'uwan fetur, shi ne warin, kuma shi ne ke narkar da soso. Ya ɗauko ragowar gwangwanina, ya ɗiga ɗigo ɗaya bisa wani guntun allo, ya ajiye a matakala ta ƙasa da ni. Ina kallo wurin ya lotsa, ya yi rami, ya huje. Ko Fatiha ba a isa karantawa ba. Abin da Mamman ya ce a yi ke nan. Ɗigo ɗaya.

Na ce, "Ka yi haƙuri." Ban taɓa gaya wa namiji wannan ba, har marigayi.

Ya ce, "Inna, ba a yi komi ba. Don mu kinka yi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yau shekara biyu ke nan suna Parakou. Ɗakin yana aiki yadda ya faɗa: kifi ya kwana uku, in sunkuya in shaƙa, ni kaina ba na iya kama shi. Na daina asara. Tsakar gida kuwa sai kaji. Ƙaramar tana gaishe ni cikin waya ranar Juma'a, ta fara sa Faransanci a magana, wani abin sai uwarta ta fassara mini. Kallabin yana nan cikin akwati da soson a jikinsa, ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya. Rakiya ta ce in jefar, na ƙi.

Abin da na koya, a tsufana, shi ne hancina kifi ya sani, da nono, da mai, nan iyakarsa. Yanzu in mata sun kawo mini wani abu na daban su ce Duwan sansana, sai in ce su gutsuro kaɗan mu gwada tukuna. In kuma Rakiya ta kira ta ce, "Inna, ya ce in gaya miki," nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara har ta kai aya. Wani lokacin ma in ce ta ba shi wayar.